Tsaye, Zaune ko Kwance: Me Ya Sa Likita Ke Gyara Mana Jiki Kafin Awon Jijiyar Jini?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Madawa, Buza da Keita, yau maganar lafiya za mu yi.

Da yawa daga cikinmu sun ga na'urar nan da likitoci ke kira ekografi. Mu kuwa hoton ciki muke ce mata, don mata masu ciki muka fi gani ana yi wa. To, aikinta ya wuce ciki. Tana duba zuciya da hanta da ƙoda. Tana kuma duba jijiyoyin jini na wuya, da na hannu, da na ƙafa.

Wanda ya taɓa zuwa wannan awo ya san abu guda. Kafin a ɗora masa na'ura sai an gyara masa jiki. Wani a ce ya kwanta rigingine. Wani a ce ya miƙe tsaye. Wata a ce ta juya gefen hagu. Wani a ce ya yi shiru minti 10 kada ya motsa. Akwai masu jin kunya. Akwai masu gunaguni. Sun baro gona da bisashe, sun biya kuɗin mota, ga shi an ajiye su kwance.

Wannan kwanciya tana da dalili. Yadda jiki yake a lokacin awo yana canza abin da na'ura ke nunawa. In an ajiye jiki ba daidai ba, awo zai fito ba daidai ba. Sai a ce wa mai ciwo lafiyarsa lau. Ko kuwa a ɗora wa mai lafiya maganin da ba ya bukata. Ga bayanin abin.

JINI RUWA NE, YANA BIN GANGARE

Babban mutum yana da jini kamar lita 5 a jikinsa. Zuciya ita ce injin ban-ruwa. Jijiyoyin jini su ne tiyo. Jijiyoyin nan iri 2 ne. Akwai masu kai jini daga zuciya zuwa sassan jiki. Su ne muke ji suna harbawa a wuyan hannu. Akwai kuma masu maido jini zuwa zuciya. Su ne muke gani a bayan hannu. Na farko suna da ƙarfi. Na biyu suna da laushi, suna kumbura, suna motsewa.

Kowa ya ga yadda ruwan sama ke saukowa daga duwatsun Adar, ya bi ƙorama, ya taru a fadamar Majiya ko ta Tarka. Ruwa ba ya hawan tudu da kansa. Jini ma haka yake.

Makiyayi ya san salka. In ya shimfiɗa ta ƙasa, ruwa ya bazu ko'ina daidai. In ya riƙe ta ta wuya ya ɗaga, ruwa ya taru a gindi. Gindi ya kumbura, sama ta motse. Jikin mutum kamar salkar nan yake. In yana kwance, jini ya bazu daidai. In ya miƙe tsaye, jini kamar rabin lita, ko fiye, ya gangara ƙafafu da ƙasan ciki.

Gani ya kori ji. Ku gwada yanzu. Ku saki hannu ɗaya ƙasa, ku ƙirga 30. Ku dubi bayan hannun: jijiyoyi sun cika sun fito. Yanzu ku ɗaga shi bisa kai, ku sake ƙirga 30. Jijiyoyin sun kwanta, kamar babu su. Hannu ɗaya ne, jini ɗaya ne. Wurin da aka ajiye hannun kaɗai ya canza. Da na'ura ta auna faɗin jijiyar nan sau 2, da ta ba da amsa iri 2.

YAYA NA'URAR KE GANIN CIKIN JIKI?

In yaro ya yi kuwwa cikin rijiya mai zurfi, muryarsa tana dawo masa. Da irin wannan dabara jemage ke tashi cikin duhu bai yi karo ba. Ekografi ma haka take aiki. Tana aika wata ƙara siririya cikin jiki. Kunnen mutum ba ya jin ta. Ƙarar ta bugi nama ko jijiya, ta dawo. Na'ura ta mai da ita hoto a bisa allo irin na talabijin.

Ba allura, ba yanka, ba zafi. Ana shafa wani mai mai sanyi da yauƙi a fata. Aikinsa shi ne ya kori iska tsakanin fata da kan na'ura, don ƙarar ba ta ratsa iska da kyau. Wani likita mai suna Ian Donald, a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya, ya buga labarin duba cikin mutum da wannan dabara a shekarar 1958.

Na'urar tana kuma gane gudun jini. Ku tuna da babbar mota a kan kwaltar Ƙwanni zuwa Maraɗi. In tana tahowa wajenku da gudu, ƙararta siririya ce. In ta wuce, ƙarar ta yi kauri. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, shi ya yi bayanin wannan a 1842. Shi ya sa za ku ji likita ya ce awon dofla. Da shi ake sanin inda jini ya nufa, da saurin da yake yi.

In kun ga ja da shuɗi a allo, kada gabanku ya faɗi. Launin ba ya nufin jini mai kyau da marar kyau. Ɗaya jinin da ke tahowa wajen kan na'ura ne, ɗaya wanda ke nisanta.

AWON ƘAFA: ME YA SA AKE CEWA A TSAYA?

Jinin da ya gangara ƙafa, dole ya hau ya koma zuciya. Abu 2 ke taimakonsa. Na farko naman sha-raɓa. Duk takun da muka yi, yana matse jijiya, yana tura jini sama. Na biyu wasu ƴan ƙofofi ne a cikin jijiyar. Suna buɗewa jini ya wuce sama, su rufe kada ya dawo.

Wani lokaci ƙofofin nan suna lalacewa. Tsayuwa mai tsawo, da yawan haihuwa, da gado, duk suna kawo haka. Sai jini ya riƙa komawa ƙasa. Ƙafa ta yi nauyi da maraice. Jijiyoyi su kumbura su murɗe kamar igiya. In abin ya daɗe, fatar idon sawu ta yi baƙi, har gyambo ya fito ya ƙi warkewa.

Don a gane wannan ciwo, tsaye ake awo. Mutum ya dogara da ƙafa ɗaya, ya saki wadda za a duba. Likita ya matse sha-raɓa, ya saki, ya duba allo. In jini ya koma ƙasa fiye da rabin daƙiƙa a jijiyoyin da ke kusa da fata, ƙofofin sun lalace. In aka yi awon nan kwance, babu gangare. Jini ba zai koma ba sosai, ciwon na iya ɓoyewa. Tulu mai tsaga a gindi, sai an zuba masa ruwa an tsai da shi ake ganin yoyonsa.

Awon yana ɗaukar lokaci. Wanda ya ji jiri ya faɗa nan da nan, a zaunar da shi.

Akwai wani ciwon ƙafa dabam: jini ya daskare ya toshe jijiya mai zurfi. Shi kuwa a kishingiɗe aka saba duba shi. A ɗaga kai da ƙirji kaɗan, a tanƙwara gwiwa kaɗan, a juya ƙafa waje. Haka jijiyar ke cika ta fito sosai. Likita ya danna ta da kan na'ura. Jijiya mai lafiya tana lotsawa. Wadda gudan jini ya toshe ba ta lotsawa.

Ku kula ƙwarai. In ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, tana zafi, tana ciwo, a tafi likita ranar nan. Kada a murza ta. Kada a yi mata ƙaho ko tsaga. Gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu, ya kashe mutum.

AWON WUYA DA NA ZUCIYA

Manyan jijiyoyi 2 ke hawa ta gaban wuya, dama da hagu, suna kai wa ƙwaƙwalwa jini. In kitse ya taru a cikinsu, hanya ta ƙuntata. Wannan na cikin abubuwan da ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Don a duba su, mutum ya kwanta rigingine. Ya ɗaga haɓa kaɗan, ya kau da fuska daga gefen da ake dubawa. A kwance rawani, a cire laya da sarƙar wuya. A bar magana, don magana tana motsa maƙogwaro, hoto ya yi rawa.

Awon zuciya kuwa, gefen hagu aka fi sa mutum ya kwanta. Haka zuciya ke matsowa kusa da haƙarƙari, huhu ya kauce, hoto ya fito sarai.

AWON ƘARFIN JIJIYA: AIKIN DA BA YA SON MOTSI

Jijiya mai kai jini ta fi tiyon roba dabara. Tana da rai. In jini ya ƙaru, tana buɗewa da kanta. Wata fata siririya da ke shimfiɗe a cikinta ita ke ba da wannan umurni. Taba, da ciwon sukari, da hawan jini suna raunana fatar nan, tun kafin mutum ya ji ciwon komai.

A shekarar 1992, a birnin Landan, likita David Celermajer da abokan aikinsa suka nuna yadda za a auna wannan da ekografi. Sun ga jijiyar masu shan taba ba ta buɗewa kamar ta waɗanda ba su sha.

Ga yadda ake yi. Mutum ya kwanta rigingine a ɗaki marar hayaniya, minti 10 zuwa 15. Ya miƙa hannu gefe, a tokare shi daidai da tsayin zuciya. A auna faɗin jijiyar da ke sama da gwiwar hannu. Sannan a ɗaura ɗamarar awon tansiyo a ƙasa da gwiwar. A hura ta ta tare jini minti 5. Sai a saki.

Masu noman albasa a fadamar Tarka sun san abin da ke biyo baya. In ka taka tiyo inji na aiki, sannan ka ɗaga ƙafa, ruwa ya fito da ƙarfi. Haka jini ke kwararowa. Jijiya mai lafiya sai ta buɗe ta karɓe shi. Wadda ta raunana ba ta buɗewa sosai.

Faɗin jijiyar nan kamar milimita 4 ne, wato kamar ƙwayar dawa. Ƙarin da take yi bai kai kaurin farce ba. Abu ƙanƙane haka ake nema. In mutum ya motsa hannu, ko ya dunƙule shi, ko ya ɗaga kai ya leƙi allo, awo ya ɓaci. In hannun ya rataya ƙasa, ko an ɗaga shi sama, gudun jini ya canza, amsa ma ta canza.

Abin da aka ci ma yana shiga ciki. Ana so mutum ya yi awa 6 bai ci abinci ba. Kada ya sha taba. Kada ya sha shayi ko kofi, kada ya ci goro. Kada ya yi aikin ƙarfi kafin awo. Masu bincike ne suka fi yin wannan awo, ba a yi wa kowa shi. Amma darasinsa ya shafi kowa.

Ga misali. A 2015 masu bincike na jami'ar Indiyana a Amurka suka buga abin da suka gani. Sun zaunar da maza lafiyayyu 12 awa 3 ba tashi. Da suka auna jijiyar cinyarsu, buɗewarta ta ragu. Wata rana suka sake, amma aka sa su tashi su yi tafiyar minti 5 sau 3 a cikin lokacin. Wannan karon buɗewar ba ta ragu ba. Ku tuna da wannan, ku masu doguwar tafiya a matse cikin mota, da teloli, da masu zaman shago. Zama mai tsawo yana gajiyar da jijiyar ƙafa. A riƙa tashi ana taka ƙasa.

MACE MAI CIKI: GEFEN HAGU

Wannan magana ta mata ce, amma maza su saurara, don su ke rakiya.

Akwai wata babbar jijiya a cikin ciki, kusa da ƙashin baya, wajen dama. Ita ke maido jinin ƙafafu zuwa zuciya. In ciki ya wuce wata 5, mahaifa ta yi nauyi. In mace ta kwanta rigingine, nauyin ya danne jijiyar nan, kamar an ɗora buhun hatsi bisa tiyo. Jinin da ke komawa zuciya ya ragu. Wata sai ta ji jiri, da zufa, da tashin zuciya, numfashi ya yi mata wuya. Jinin da ke zuwa wurin jariri ma yana iya raguwa.

Maganin abin yana da sauƙi. Ta juya gefen hagu. Ko a sa matashi ƙarƙashin ƙugunta na dama. Cikin ɗan lokaci za ta ji daidai. Saboda haka, ƴar'uwa, in ana yi miki hoton ciki kika ji jiri, kada ki daure don kunya. Ki faɗa. Ungozomar likita ta san abin, za ta juya ki. A gida ma, daga wata na 7, likitoci na ba da shawara ki fara barci a kan gefe. In kin farka kin ga kin koma rigingine, ki sake juyawa kawai.

A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowace mai ciki ta sami hoton ciki sau ɗaya kafin mako na 24, wato kafin ciki ya cika wata 6. Da shi ake sanin kwanakin ciki, a kuma gane ko tagwaye ne. Ta kuma ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. Mai cikin da fuskarta da hannuwanta suka kumbura, tana ciwon kai mai tsanani ko tana gani dishi-dishi, kada a jira ranar awo. A kai ta likita nan take.

AWON TANSIYO MA HAKA NE

Ba kowane gidan likita ke da ekografi ba. Amma awon tansiyo yana kusa da mu, kuma shi ma zaman jiki yana canza shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa babba 1 cikin 3 a duniya yana da hawan jini. Kusan rabinsu ba su sani ba.

A nan ƙasar ana faɗin tansiyo da lamba 2, kamar 12 da 8. In ya kai 14 da 9 ko ya wuce, aka sake samun haka a wata rana dabam, shi ne hawan jini.

A 2024 likitocin jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka buga wani gwaji da suka yi wa mutum 133. An auna kowa hannunsa na bisa tebur. An sake aunawa hannun na bisa cinya. An kuma auna hannun na rataye a gefe. Hannu bisa cinya ya ƙara wa lambar sama kusan rabin lamba. Hannu a rataye ya ƙara fiye da rabin lamba. Wato mai 13 da rabi sai ya fito da 14. In kuma an ɗaga hannu ya fi zuciya tsawo, lamba ta ragu, hawan jini ya ɓoye.

Ga zaman da ya dace. A huta minti 5 tukuna. A jingina baya. Tafin ƙafa duka biyu a ƙasa, kada a harɗe ƙafafu. Hannu bisa tebur, ɗamara daidai da zuciya, bisa fata. A yi shiru har a gama. Wanda ya taho a ƙasa daga ƙauye cikin rana, ko ya sauko daga babur yanzu, ya zauna a inuwa tukuna. Sauri ya haifi nawa.

Akwai tsofaffi da masu shan maganin tansiyo da ke ganin duhu in sun miƙe. Su ana auna su kwance, a sake auna su tsaye bayan minti 1 da minti 3. In lambar sama ta faɗi da 2, likita zai duba maganinsu. Irin waɗannan mutane kada su zabura daga shimfiɗa. Su zauna tukuna, sannan su miƙe sannu.

IN AN TURA KA AWO

Hanya tana farawa daga gidan likita na kusa, wato CSI. Shi ke ba da takardar turawa zuwa asibitin gunduma a Madawa, Buza ko Keita. In aikin ya fi ƙarfin nan, a tura mutum Tawa ko Yamai. Tafiya ce mai cin kuɗi da kwanaki. Kada a yi ta sau 2 saboda abin da za a iya kiyayewa. Ga abin da za a riƙe:

1. Tun ranar da aka ba ka takarda, ka tambaya: in ci abinci ko kada in ci? In sha ruwa? In sha maganina na kullum? Matambayi ba ya ɓata.

2. Kada ka bar shan magani da kanka. Ka tafi da kwalinsa da takardunka na dā.

3. Ka sa tufafi masu faɗi, waɗanda za a iya naɗewa. Mace na iya zuwa da zane na biyu ta rufa, da ƴar'uwa mai rakiya.

4. Ka isa da wuri, ka huta kafin a kira ka.

5. Ka faɗi gaskiya in ka sha shayi ko taba, ko ka ci goro.

6. Yadda aka ajiye ka, ka tsaya haka. In ba ka iyawa saboda ciwon baya, ko tari, ko ƙarancin numfashi, ka faɗa tun farko. Likita zai nemi wata dabara, ya rubuta yadda ya auna ka.

7. In za a sake awo wata rana, ka tuna wa likita yadda aka yi na farko, zaune ko kwance, hannun dama ko na hagu. Da mudu ɗaya ake awon hatsi in ana son a san ko ya ƙaru ko ya ragu.

Ƴan'uwa, na'ura tana faɗin abin da ta gani ne kawai. Rabin aiki na likita ne, rabi na mai jiki. In an ce tsaya, a tsaya. In an ce kwanta, a kwanta. In an ji jiri, a faɗa. Wanda ya ji wannan bayani ya gaya wa iyalinsa da maƙwabtansa, musamman masu ciki da tsofaffi. Lafiya uwar jiki.